Albam biyar na Vandenberg: da wanne za ka fara, wanne za ka bari sai daga baya

Shekaranjiya da daddare wani ƙanina da ke karatu a Enschede can ƙasar Holan ya turo min hoto ta WhatsApp, faya-fayai uku jere a kan tebur a wani shagon da ake sayar da tsofaffin faya-fayan garmaho, ya ce Yaya ga mutanenka nan na gani, amma kuɗin hannuna na biyu ne kawai, wanne zan bari? Wallahi sai da na tashi zaune. Vandenberg ne, ƙungiyar kiɗan rok ta ƙasar Holan, albam ɗinsu uku na farko, na 1982 da na 1983 da na 1985. Na ba shi amsa a take amma amsar ta tsaya min a rai, don na san akwai irinmu 'yan tsiraru da kunnenmu ya saba da kiɗan rok duk da cewa a gidajenmu Shata da Ɗankwairo aka tashe mu da su, kuma duk wanda ya shiga YouTube ko Spotify ya rubuta sunan nan zai ga albam biyar ne ba uku ba, sai ya rasa ta inda zai kama. To bari in baje muku yadda nake ganin abin.

Da farko dai sunan ƙungiyar sunan mutum ɗaya ne, Adrian Vandenberg, makaɗin jita, an haife shi a 1954 a birnin Hague amma Enschede ce garinsa, garin da 'yan ƙwallo suka sani da FC Twente wadda ta ci kofin lig na Holan a 2010. Kafin ya kafa wannan ƙungiya yana da wata mai suna Teaser da ta fitar da albam a 1978. Sai ya haɗa Bert Heerink a waƙa, Dick Kemper a jitar bas, Jos Zoomer a ganguna, su huɗun nan su suka yi albam uku na farko ba a canja kowa ba. Sauran biyun kuma, na 2020 da na 2023, Adrian ne kaɗai ya rage daga cikin na asali. Riƙe wannan da kyau don a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, sunan ɗaya ne amma kusan ƙungiya biyu ce daban.

Na farkon sunansa Vandenberg kawai, 1982. An ɗauke shi a Ingila, a situdiyon Sol wanda a lokacin na Jimmy Page ne na Led Zeppelin, Stuart Epps ya taya su haɗa sautin, kamfanin Atco da ke ƙarƙashin Atlantic ya fitar. Ka duba fa, yara daga wata ƙasa ƙarama wadda ba Turanci ne harshenta ba, sai ga su a hannun babban kamfanin Amurka tun daga albam na farko. Kuma a cikinsa ne waƙar da ta sa duniya ta san su take, Burning Heart, wadda ta kai lamba 39 a jerin Billboard na Amurka a 1983, ta buɗe musu ƙofa suka yi rangadin Amurka suna share fage wa Ozzy Osbourne da Kiss.

Abin da nake so a albam ɗin nan shi ne babu kwalliya a jikinsa. Mutum huɗu da kayan kiɗansu da murya, shi ke nan. Kana jin gangar kamar a ɗakin kake zaune, kana jin bas ɗin yana tafiya a ƙasa bai ɓuya ba. In kana da iyafis mai kyau ka saka Wait ka rufe ido. Da jita mara lantarki take farawa, irin kiɗan yatsu na gargajiyar Turai mai ɗan kama da na Sifaniya, yana tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya yana ɗan gudu yana tsayawa, har ka fara tunanin ko waƙar sanyi ce, sai kwatsam jitar lantarki ta faɗo da nauyinta. Ranar da na fara jin wannan wurin an ɗauke wuta ne, ina kwance a kan tabarma a tsakar gida saboda zafi, wayata a kan ƙirji, sai da na mayar da ita baya sau huɗu kafin in bari waƙar ta wuce minti biyu. Wannan haɗin na laushi da ƙarfi shi ne hatimin Adrian, kuma tun a nan ya buga shi. Burning Heart ma haka take, a hankali take hawa, kuma solon jitar da ke tsakiyarta, wato inda murya ke tsayawa a bar wa jita fage, irin wanda za ka iya rera shi da baki ne, ba tarin gudun yatsu ba da za ka ji ka manta.

Amma fa in za a faɗi gaskiya albam ɗin yana da rauni. Bayan Your Love Is in Vain da Back on My Feet da Wait da Burning Heart, wato rabin farko, rabi na biyu yana ɗan yin kama da juna, waƙoƙin gudu ne masu kyau amma in ka gama ji aka ce ka bambance Ready for You da Out in the Streets sai ka ɗan yi tunani. Sannan muryar Heerink a nan tana da ɗan ɗanyantaka, Turancinsa ma kana jin harshen Holan a ƙarƙashi, ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan, har ma yana ƙara min armashi, amma na san masu cewa ya hana su jin daɗi.

Yanzu ga wanda na ce wa ƙanina ko me za a yi kar ya baro shagon nan ba da shi ba, Heading for a Storm, 1983. Tun daga bangonsa ma, kifayen shak ne suna shawagi a sama a kan wata kwalta da ta ratsa hamada, kuma Adrian ɗin ne da kansa ya zana, don shi mai zane ne na gaske ba na wasa ba, bayan ya ajiye kiɗa ma shekaru ya yi yana zane. In faifai za ka saya ba saukewa a waya ba, wannan bangon kaɗai ya isa dalili.

Dalilina na fifita shi a kan na farko shi ne nan ne suka iya rubuta waƙa. A na farko makaɗa ne ƙwararru da suka samu waƙa ɗaya da ta fi ƙarfin sauran, a na biyu kuwa kusan kowace waƙa tana da fuskarta, ba za ka haɗa ta da ta kusa da ita ba. Friday Night ce ta buɗe, waƙar nishaɗi mai amshi da yake manne wa mutum a ka tun jin farko, ana jin iskar Amurka ta fara kaɗa su a nan, wanda ya san Van Halen zai gane abin da nake nufi. Different Worlds ita ce ta sanyi a ciki, kuma ni a wurina ta fi Burning Heart, na san wannan magana za ta ɓata wa wasu rai amma haka nake ji, jitar da ke cikinta ta fi zurfi kuma Heerink ya fi sanin inda zai ja murya da inda zai sake ta. Sai This Is War, kai, wannan in kana tuƙi kar ka saka ta, ƙafarka za ta danne totur ba ka sani ba, gangar Zoomer kamar sukuwar dawaki ranar hawan sallah, solon kuma yana cikin mafi kyau da Adrian ya taɓa yi a rayuwarsa. Ta ƙarshe Waiting for the Night ta sake dawo da dabarar nan ta farawa da jita mara lantarki sannan a ɓarke da gudu, amma a nan ta fi nuna, an fi sanin inda za a kai ta.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba, amshin murya da yawa. A albam na biyu sun fara jera muryoyi a kan juna wurin amshi yadda zai cika kunne, amma ba su yi yawan da zai danne jitar ba. Wannan daidaiton shi ne abin da ake nema a irin wannan kiɗa da ake kira melodik had rok, ƙarfi yana nan, daɗin rerawa yana nan, babu wanda ya cinye wani. Albam ɗin bai yi kasuwar na farko ba a Amurka, babu waƙar da ta hau kamar Burning Heart, amma a Jafan sun samu karɓuwa sosai har suka je suka yi wasa a can a 1984. To kasuwa daban, inganci daban, kuma ni ingancin nake auna maka.

Rauninsa? Akwai waƙa ɗaya ko biyu, irin su Rock On, da za ka iya tsallakewa ba ka yi asarar komai ba. Sannan kalmomin waƙoƙin ba wani zurfi gare su ba, yawanci soyayya ce da fita yawon dare da kirarin kai, wanda ke neman waƙa mai ma'ana irin wadda za a zauna a yi sharhinta ba nan zai same ta ba, a duk albam biyar ɗin ma. Don jita da karin waƙa ake zuwa wurin Vandenberg. Kuma gara in faɗa tun yanzu, wasu baitocin na rayuwar samarin Turai ne na wancan zamani, ba irin wanda za ka sake a sifika a gaban su Baba ba ne.

Alibi na 1985 shi ne na ce ƙanina ya bari, kuma na faɗa ne raina yana ɗan sosuwa don ba albam ɗin banza ba ne. Abin da ya faru shi ne an canja furodusa, aka kawo Jaap Eggermont, ɗan Holan, tsohon mai gangar Golden Earring wanda ya yi suna da Stars on 45 da ta kai lamba 1 a Amurka a 1981. Mutum ne da ya san abin da rediyo ke so, kuma an ji hakan. Sautin ya yi sumul, an ƙara kibod, an ƙara tarin muryoyi, gangar ta koma irin ta tsakiyar shekarun 1980 mai amsa-kuwwa kamar ana buga ta a cikin babban zaure. Lokacin ne gilam metal yake tashe, zamanin gashi buzu-buzu da tufafi masu ƙyalli da bidiyo a MTV, kuma a cikin albam ukun wannan ne ya fi karkata can. In kai mai son Def Leppard ne ko Bon Jovi na farko-farko ko Europe, to ka juya lissafina, wataƙila Alibi ne zai fi kwanta maka. Once in a Lifetime da How Long waƙoƙi ne masu daɗi ƙwarai, Fighting Against the World tana da nauyi, sannan akwai guda biyu da babu murya a ciki, Prelude Mortale 'yar gajeruwa da jita mara lantarki da kuma Kamikaze da ta rufe albam ɗin, wadda duk mai koyon jita ya kamata ya zauna da ita. Matsalata da shi kawai ita ce a wurare da dama sai in ji kamar an sa wa ƙungiyar rigar aro. Kwalliyar ba ta biya kuɗin sabulu ba kuma, bai sayu yadda aka so ba, ba a daɗe ba Heerink ya bar ƙungiyar, abin ya watse.

Daga nan sai aka yi shekara 35 babu albam na sabbin waƙoƙi a ƙarƙashin wannan suna, kuma dole in ɗan faɗi abin da ya faru a tsakani don shi ne zai sa ka gane sabbin albam ɗin. David Coverdale, mawaƙi kuma jagoran ƙungiyar rok ta Whitesnake, ya daɗe yana zawarcin Adrian, a 1987 Adrian ya shiga Whitesnake, shi ya kaɗa solon Here I Go Again a sigar 1987 wadda ta kai lamba 1 a Amurka. Shi da Coverdale suka rubuta waƙoƙin Slip of the Tongue na 1989 amma ciwon hannu ya hana shi kaɗawa, aka kawo Steve Vai ya kaɗa, abin tausayi wallahi, ka rubuta waƙa da hannunka wani ya zo ya kaɗa ta. Sai a Restless Heart na 1997 aka ji jitarsa sosai a albam ɗin Whitesnake. Bayan dogon hutu ya dawo da Vandenberg's MoonKings, suka fitar da albam a 2014 da 2017, mawaƙinsu Jan Hoving manomi ne mai babbar gona, kuma gonar nan ce ta sa ba ya iya barin gida ya yi dogon rangadi a ƙasashen waje. Wannan kam duk wanda ya taso a gidan noma ya gane, damina ba ta jiran kowa. Shi ya sa Adrian ya farfaɗo da tsohon sunan da sabbin mutane.

Albam ɗin da ya dawo da shi sunansa 2020, ya fito a watan Mayu na shekarar, tsakiyar kullen korona, don haka ba su samu yawo da shi ba. Mawaƙin Ronnie Romero ne ɗan ƙasar Chile wanda makaɗin jita Ritchie Blackmore ya ɗauka lokacin da ya farfaɗo da ƙungiyarsa ta Rainbow, Bob Marlette ne furodusa, Rudy Sarzo da Brian Tichy sun taimaka da bas da ganga, kamfanin Mascot ya fitar. Murya kam Romero ya fi Heerink ƙarfi nesa ba kusa ba, murya ce mai ƙaiƙayi mai tsaga irin ta Ronnie James Dio. Shadows of the Night ta buɗe da gudu, Hell and High Water kuma doguwa ce mai nauyi, in ba a faɗa maka ba sai ka rantse Rainbow ce ta shekarun 1970. Sauti ya fi na da tsabta da kauri, a sifikar mota ko ta Bluetooth ya fi tsofaffin cika wuri. Amma ɗan'uwa wannan ba Vandenberg ɗin Heading for a Storm ba ne. Wancan haske da sakin jiki da amshin da ke sa ka murmushi babu shi, an maye gurbinsa da nauyi da ɗaure fuska. Sun sake ɗaukar Burning Heart a ciki, kuma nan ne za ka auna bambancin da kunnenka, saka ta 1982 ka bi ta da ta 2020. Romero ya rera ta da gwaninta ba abin da za ka kushe, amma Heerink yana rera ta ne kamar abin a kansa ya faru, muryarsa tana ɗan rawa a inda ya kamata ta yi rawa. Ni ta farkon nake komawa kullum.

Na ƙarshe shi ne Sin, Agusta 2023, an sake canja mawaƙi, Mats Levén ɗan Suwidin wanda ya yi aiki da Yngwie Malmsteen da Therion da Candlemass, ga Randy van der Elsen a bas da Koen Herfst a ganga, Marlette ya sake haɗa sautin. Ya fi 2020 duhu da nauyi, kuma muryar Levén a wurare da yawa tana tuna maka Coverdale, har za ka ce ga albam ɗin Whitesnake da Adrian bai samu ya kaɗa ba a 1989 ya zo ya rama. Waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta tafiyar raƙumi take yi, a hankali da nauyi, da ɗan ƙamshin Led Zeppelin, ita ce ta fi burge ni, sai House on Fire, sai Baby You've Changed ga mai son ta sanyi. Tsakanin sabbin biyun ni Sin na fi so, don na ji ƙungiya ce da ta zauna tare ba taron ƙwararru da aka gayyato ba, amma wanda murya ce ta fi jan shi zai iya zaɓar 2020 kuma ba zan yi musu da shi ba. Abin mamaki dai mutumin yana dab da shekara 70 lokacin da ya yi Sin kuma hannun bai mutu ba.

To in ka tambaye ni a taƙaice ga yadda zan raba maka. In ba ka taɓa jin su ba sam, fara da Heading for a Storm, ka saurare shi daga farko har ƙarshe sau biyu kafin ka yanke hukunci, sannan ka koma na 1982. Mutane za su ce maka ka fara da na farko saboda Burning Heart, amma waƙa ɗaya ai kana iya jin ta ita kaɗai a minti huɗu, albam kuwa zama ake yi da shi, kuma na biyun ya fi riƙe mutum har ƙarshe. In kuma daga Whitesnake ko Rainbow ko Dio ka biyo sawun Adrian, to tsallake tsofaffin tukuna ka shiga ta Sin, don in ka fara da na 1983 za ka ji shi ya yi maka sauƙi da yawa ka yi zaton ba abin da kake nema ba ne. Mai koyon jita kuma na 1982 ne makarantarsa saboda babu abin da ya rufe jitar, kana jin kowane taɓi, sai ya haɗa da Kamikaze daga Alibi. In data ce matsalar, waƙa tara-tara ne a na farko da na biyu, ba su da tsawo, sauke su ba zai cinye maka komai ba.

Ƙanin nawa dai ya ɗauki na 1982 da na 1983 kamar yadda na ce, jiya ya turo min hoton bangon kifayen nan a jingine a tagar ɗakinsa, ya ce kwalin ya ɗan goge a gefe amma faifan ba ko ƙarzane. Ya ce mai shagon ya ga yana ta juya Alibi a hannu ya kasa ajiyewa, sai ya ce masa zai ɓoye masa shi zuwa ƙarshen wata. Na ce masa in kuɗi sun shigo ya koma ya karɓo, ko don Kamikaze.